Saint-Louis: Gadar da Kowa Ke Ɗaukar Hoto a Kanta

Yau mun nufi Saint-Louis a arewacin Senegal, garin da mutanensa ke kira Ndar.

Idan ka je hutu can, da wuya ka dawo ba ka hau keken doki ka zaga tsibirin ba, ka ga tsofaffin benaye masu baranda, sannan ka tsaya a kan gadar ƙarfen nan mai tsawon sama da mita 500 ka ɗau hoto. Faransawa suka kafa garin a 1659, ya kuma zama hedikwatar mulkinsu na Afirka ta Yamma daga 1895 zuwa 1902.

To amma gadar fa, sunan wa aka sa mata? Louis Faidherbe, gwamnan da ya faɗaɗa mulkin Faransa a yankin da bakin bindiga. Shi ne a 1857 ya kai wa sansanin Medine ɗauki, ya tarwatsa ƙawanyar da rundunar Alhaji Umaru Futi ta yi wa wurin. Eh, Umarun nan dai da ya yi shekaru a Sakkwato har ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. An buɗe gadar a 1897, shekara takwas bayan mutuwar Faidherbe.

A 2017 mutum-mutuminsa da ke dandalin gari ya faɗi a lokacin wani ruwan sama mai iska, gardama ta kaure kan a mayar da shi ko a bar shi. A 2020 aka sauya wa dandalin suna zuwa Baya Ndar. Gadar kam, har yau sunansa take amsawa.