Albarka: ƙin da ba ya rufe ƙofa

A wani taron horar da ƙananan 'yan kasuwa da na halarta, mai jawabi ya yi ta nanata "sadarwa ta baki da wadda ba ta baki ba", can kuma ya ce "harshen jiki". Na dubi fuskokin 'yan tireda da masu sayar da atamfa da ke zaune, na ga maganar ba ta shiga ba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin su ne gwanayen abin da ake koya musu. Sunan ne kawai baƙo.

Hausa tana da nata sunayen. Akwai ishara, wadda muka aro daga Larabci. Akwai inkiya, alamar da mutum biyu suka gane, na uku yana tsaye bai san an yi ba. Ƙifta ido, zunɗe, gyaɗa kai, kowanne da sunansa. Yaron shago yakan saci kallon maigidansa kafin ya faɗi kuɗin kaya. Da ya ga an ɗan gyaɗa kai, ya san wannan na gida ne, a yi masa sauƙi.

Kalmar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce albarka. Ki taya turmin atamfa a Kantin Kwari, in tayin bai kai ba, da wuya a ce miki a'a. "Albarka, Hajiya." Asalinta Larabci ne, kalmar alheri ce, amma a bakin ɗan kasuwa ta zama ƙi, ƙin da ke barin mai saye da mutuncinsa. Kuma albarka suna ta tara. Akwai wadda ake faɗa da murmushi, atamfar tana nan a shimfiɗe gabanki: ki ɗan ƙara. Akwai wadda ake faɗa ana ninke atamfar, ido na kallon hanya: kin yi nisa. A ina za a tsaga wannan a ce ga na baki, ga wanda ba na baki ba? Labarin zuciya a tambayi fuska.

Sauran kalmomin ma haka suke. Mai saye tayawa yake yi, da kalmar nan da muke taya juna aiki da murna. Dillali daga Larabci ya zo, ma'anarsa mai nuni. La'adarsa kuwa daga kalmar al'ada, wato abin da aka saba bayarwa.

Masu horarwa suna son kawo lissafin Albert Mehrabian, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, wanda ya samo asali daga bincikensa na 1967: a cikin saƙo, kalmomi kashi 7 cikin ɗari ne, murya 38, fuska 55. Sai dai shi a kan so da ƙi ya yi gwajinsa, lokacin da baki da fuska suka saɓa, ba a kan kowace magana ba. Wanda ya ɗauka kalma ba ta da nauyi bai taɓa jin an ce "na sallama" ba. Da ta fita, ciniki ya faɗa. Wanda ya janye bayanta, kasuwa ba ta mantawa. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda ake ba mahauta shanu bashi ba takarda, maigidan fatake ne ke tsayawa da sunansa.

Yanzu ciniki da yawa ya koma WhatsApp. Albarka a rubuce ba ta da hannu, ba ta da ido, mai saye bai san ko ya ƙara ko ya haƙura ba. Ina ganin shi ya sa 'yan kasuwa suka fi son aika saƙon murya, ko sautin ya ɗauko abin da fuska ta bari. Sallamar ma ta sami abokin tafiya: ko an ce "na sallama", kaya ba ya barin shago sai alat ya shigo.