Asalin Kalma: Faifai

Masoya kiɗan jaz kan yi gardama kan faifan Miles Davis da ya fi daɗi, da yawansu su zaɓi Kind of Blue na 1959. Kalmar faifai kuwa daga madafa ta fito: zagayayyen saƙin kaba da mata ke rufe ƙwarya ko bakace da shi. Da garmaho ya zo, sunansa muka ara daga Turanci, amma baƙar da'irar da yake juyawa ta yi kama da faifai, sai ta gaji sunan gida. Wani zai ce "faifan bidiyo" na waya kuskure ne, tunda ba ya da siffar faifai. Ai ma'anar ta daɗe da komawa kan abin da aka naɗa, shi ya sa kowa ke ganewa.