Maratayin kamara: daga hamilar takobi zuwa wuyan mai hoto

Tarihinmu na yau na wani ƙaramin abu ne da ido ke wucewa bai kula ba: maratayin da mai ɗaukar hoto ke sagala kamararsa a wuya. Ku duba wajen biki ko suna, za ku ga wasu masu hoto sun yar da na kamfani, sun sa na jar fata ɗinkin gida. To, wannan 'yar igiyar fata tana da dogon labari.

Lokacin da aka bayyana fasahar hoto a birnin Paris a 1839, kamara ba abin ratayawa ba ce. Ƙaton akwati ne na katako bisa ƙafa uku, mai hoto ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, kai kuma ka ƙame kamar gunki. Dattawanmu sun ga irinta a bakin kasuwa, wajen masu hoton kati. Sai a 1925 kamfanin Jamus ya fito da Leica, ƙarama mai shiga hannu, a 1929 kuma Rolleiflex ta biyo baya. Ita wannan ta sama ake leƙa ta, ana riƙe ta daidai ciki, don haka maratayi ya zama dole: shi ke ɗauke nauyi, shi ke hana hannu rawa.

Da irin waɗannan ƙananan kamarori ne hoto ya fita daga ɗaki ya shiga gari. A Bamako an yi Malick Sidibé. A nan Yamai an yi Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki samari da 'yan matan babban birni a wuraren rawa da shagali cikin shekarun 1960 da 1970. Mai irin wannan aiki yana kutsawa cikin taro, ana ture shi, yana duƙawa yana miƙewa. In maratayi ya tsinke, jari ya faɗi ƙasa ke nan.

Amma fa sana'ar rataya kaya a jiki ta riga kamara zuwa ƙasar Hausa da ɗaruruwan shekaru. Dukawa ne ke ɗinka kube da kayan doki, su ke yi wa gafakar Alƙur'ani maratayi, su ke ɗinke laya da zabira. Takobin barde da hamila ake saɓa shi. Wanda ya iya ɗinka abin da zai riƙe takobi bisa doki a guje, ai kamara ba za ta gagare shi ba.

Fatar kuma ba ta wasa ba ce. Jar akuyar Maraɗi, wadda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira ta Sakkwato, fatarta na da laushi da ƙarko. Ayarin raƙuma ya riƙa ɗaukar jemammiyar fata daga Kano, ya bi ta Damagaram da Agadas har Tarabulus. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta labarin fatu da takalman da ake fitarwa arewa. Da yake ta hannun Larabawan arewacin Afirka take isa Turai, sai Turawa suka raɗa mata sunan Maroko, Faransawa na cewa “maroquin”. Wato kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: akuya tamu, jima tamu, suna na wani. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hanyar Sahara ta yi sanyi, fatu suka juya kudu zuwa bakin teku. Bayan samun 'yancin kai, gwamnati ta buɗe cibiyar kiwon jar akuya a Maraɗi a 1963 don kada irin ya gurɓace.

Yaya ake yin maratayin? Aiki daga majema yake farawa. Su jiƙa fata, su sa toka su tuje gashin, su tsoma ta cikin ruwan bagaruwa har ta jemu, su shafa mai, su murza ta yi laushi. Jan launi daga karan dafi yake fitowa. Daga nan sai baduku. Zai yanka tsiri mai faɗin yatsa biyu zuwa uku, tsawon mita ɗaya da 'yan kai, gwargwadon tsayin mai shi. A nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo: fatar akuya ita kaɗai tana miƙewa in ta sha nauyi da zufa, don haka ake sa kirgin saniya a ciki, a lulluɓe shi da jar fata, a ɗinke gefe biyu da basilla. Wajen wuya a faɗaɗa shi don kada ya ci fata. Bakin da ke riƙe zoben ƙarfe kuwa, nan ne rai yake: a ninka shi, a maimaita ɗinki, a kuma bar ɗan harshen fata tsakanin zobe da jikin kamara saboda karcewa. Kafin a rataya kamara, a gwada shi da abin da ya fi ta nauyi.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan tarihi shi ne halin da sana'o'in biyu ke ciki yau. Wayar salula ta rage kasuwar mai hoto, kayan roba masu araha sun cinye ta baduku. Fatunmu da yawa ɗanye suke ƙetare iyaka, a jeme su a wani wuri, ribar ta zauna can. Yaran majema da dukawa na barin gadon gida, kuma in tsoho ya tafi da iliminsa, ba a littafi za a same shi ba.

Duk da haka ba a rasa na kirki ba. Akwai dukawa a Damagaram da Maraɗi da Tawa, akwai su a gidan tarihi na Boubou Hama da ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata a Yamai. Mai hoto da ya kai musu aiki ya samu abin da zai daɗe, in ya tsinke kuma a gyara masa a unguwa, kuɗin ya zauna a gida.

Allah ya albarkaci sana'o'inmu, ya jiƙan magabatan da suka bar mana su. Sai mun haɗu a tarihi na gaba.