Ƙarfafa Gaɓa a Furucin Ingilishi

Ƙarfafa gaɓa shi ne furta gaɓa ɗaya a cikin kalma da ƙarfi da tsayi fiye da sauran. A Ingilishi wurinsa ba ɗaya ba ne, kuma rubutu ba ya nuna shi. Yakan ma sauya ma'ana: record suna ne idan aka ƙarfafa gaɓar farko, aikatau ne idan aka ƙarfafa ta biyu. Wasalin gaɓar da ba a ƙarfafa ba yakan raunana, kuma nan ne Bahaushe, wanda ya saba cika kowane wasali, ya fi shan wuya. Ƙamusai, irin na Daniel Jones na 1917, suna sa alama don nuna gaɓar da ake ƙarfafawa.