Amsoshin Tambayoyinku: Tarihin John Cook, Mai Horar da 'Yan Matan Jihar Manoma

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Matazu ta Jihar Katsina. Malamin ya ce gardama ce ta kaure a majalisarsu, wai shin gaskiya ne an taɓa tara mutum sama da dubu 90 don kallon 'yan matan makaranta suna wasan ƙwallon raga? In kuwa gaskiya ne, a ina aka yi, wane ne kuma ya horar da su?

Amsa: To malam, wanda ya ce an yi shi ya ci gardama. Ran 30 ga watan Agusta, 2023, mutum 92,003 suka hallara a filin wasan Jami'ar Nebraska da ke birnin Lincoln a Amurka. Kafin wannan rana ba a taɓa ƙirga jama'a mai yawan haka a wasan mata ba. Don ka gane girman abin, filin wasa na ƙasa da ke Abuja mutum dubu 60 yake ci. Har hutu jami'ar ta ba ɗalibanta a ranar.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, shi ne wanda ake ɗaura raga a tsakiyar fili, mutum shida nan, shida can, ana bugun ƙwallo da hannu ba a bari ta taɓa ƙasa.

Ita Nebraska jihar manoma ce, ta masara da waken suya da shanu, kamar dai a ce ƙasar Funtua da Malumfashi. Mutanenta duka-duka wajen miliyan 2 ne. Ko sunan 'yan wasan jami'ar ma Cornhuskers ne, wato masu ɓare masara. To yaya aka yi wasan mata ya kafu haka a wurin da gonaki suka fi gidaje yawa?

Asalin abin wata doka ce da Amurka ta kafa a 1972, wadda ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya fifita maza a kan mata. Daga nan jami'o'i suka fara ba 'yan mata guraben karatu kyauta saboda wasa, kamar yadda suka daɗe suna ba samari. Karatun jami'a kuwa a can tsada gare shi ba kaɗan ba. Ke nan manomin da 'yarsa ta iya ƙwallon raga an sauke masa kaya mai nauyi.

Wanda ya share gonar shi ne Terry Pettit, da ya horar da ƙungiyar daga 1977 zuwa 1999, ya kuma ciyo mata kofin ƙasa na farko a 1995. Amma mutumin da kake tambaya shi ne magajinsa, John Cook.

An haifi Cook a 1956 a Jihar Kalifoniya. Abin mamaki, shi ba ɗan ƙwallon raga ba ne tun fil'azal. Aikin koyarwa ya samu a wata sakandare a San Diego, aka haɗa masa da horar da 'yan mata wasan da bai sani ba, sai ya duƙufa ya koya. A 1988 Pettit ya ɗauke shi mataimaki. Daga 1992 zuwa 1998 ya riƙe ƙungiyar Jami'ar Wisconsin, sannan ya komo Nebraska, aka damƙa masa ragama a shekarar 2000. A wannan shekarar ta farko wasa 34 suka buga, ba su faɗi ko ɗaya ba, suka ɗauki kofi.

Gadon gida mai albarka wuya gare shi, don da yawa akan bar musu rumbu cike su mayar da shi kango. Shi Cook bai yi haka ba. Ya ƙara cin kofi a 2006 da 2015 da 2017. Sau huɗu kuma ya kai wasan ƙarshe aka doke shi, ciki har da 2023, shekarar babban taron nan, inda Texas ta lallasa su. A shekara 25 ya ci wasa 722, ya faɗi 103.

A ganinmu dai ba kofunan ne babban abin da ya bari ba. Tun daga 2001 har ya sauka, duk wasan da suka yi a gida sai tikiti ya ƙare, wasa sama da 300 a jere. 'Yan kasuwa sun san ma'anar wannan: haja ce da ba ta kwantai. Da zauren da ke cin mutum dubu 4 ya yi musu kaɗan, a 2013 suka koma mai cin wajen dubu 8, nan ma ya cika. Ta haka ƙungiyar ta shiga cikin 'yan ƙalilan na mata a jami'o'in Amurka da ke ciyar da kansu har da riba.

Sannan bai raina 'yan ƙauye ba. Jordan Larson daga Hooper ta fito, garin da mutanensa ba su kai dubu ba. Ta yi wasa a hannunsa daga 2005 zuwa 2008, daga baya ta jagoranci Amurka ta ci zinariya a wasannin Olamfik na Tokyo a 2021. Yarinyar da ke ƙauye in ta ga 'yar maƙwabta ta kai can, ai ba sai an yi mata dogon wa'azi a kan makaranta ba.

Cook ya ajiye aiki a watan Janairu na 2025, jami'ar kuma ta sa wa zauren wasan sunansa. Zama da manoma bai bar shi haka ba, don a ƙarshen aikinsa hawan doki da kamun shanu da igiya ne suka ɗauke masa hankali. Wadda ta gaje shi, Dani Busboom Kelly, ɗalibarsa ce da aka ci kofin 2006 da ita, 'yar wani ƙaramin gari mai suna Cortland, kudu kaɗan da Lincoln.