Takos na kaza: asalinsa da yadda ake haɗa shi a gida da kayan kasuwar Damagaram

A ƴan shekarun nan sunan takos ya shiga allunan gidajen abinci na manyan biranen Nijar, kusa da shawarma da gasasshiyar kaza. Matasa da ɗalibai su ne suka fi sayensa, iyaye da yawa kuma a bakin yara suka fara jin sunan. Wanda ake sayarwa cin mutum ɗaya ne, idan aka ce kowa a gida sai ya samu nasa, kuɗin ya kan fi ƙarfin mai gida. Amma takos abu uku ne kawai: siririn burodi mai laushi, nama, da abin da ake haɗawa da shi na ganye ko miya. Dukkansu ana iya yin su a gida, a cikin birnin Damagaram ko a garuruwan gundumar Mirriya irin su Zermu, kuma kaza ɗaya na iya isar mutum shida cin dare.

Takos iri biyu ne

Asalin abincin daga ƙasar Meziko yake, a nahiyar Amurka. A can ne aka fara noman masara shekaru kusan 9,000 da suka wuce. Mutanen ƙasar suna dafa tsabar masara a ruwan farar ƙasa ko na toka, su wanke, su niƙa, su yi ƴar faifan waina siririya da suke kira tortiya. Dafawar nan ita ke sa ƙullun ya haɗe, ya kuma ƙara wa masarar amfani a jiki. Idan aka ɗora nama ko wake a kan tortiya aka ninka ta biyu, an sami tako, jam'insa takos. Ƙarami ne, bai wuce tafin hannu ba, mutum kan ci uku ko huɗu. Alkama kuwa Sifaniyawa ne suka kai ta ƙasar a ƙarni na 16, daga nan aka sami tortiyar fulawa, wadda ta fi yaɗuwa a arewacin Meziko. A shekarar 2010 hukumar UNESCO ta saka girkin gargajiya na Meziko cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Wanda aka fi sani a Nijar ba shi ne wannan ba. Shi a Faransa aka ƙirƙiro shi, a farkon shekarun 2000, a unguwannin da ke kewaye da birnin Liyon da kuma Girenobul, inda ƴan asalin arewacin Afirka ke riƙe da ƙananan gidajen abinci. Sun ɗauki babbar tortiyar fulawa, suka cika ta da naman halal, soyayyen dankalin turawa da miyar cuku, suka naɗe ta mai kusurwa huɗu, suka gasa a injin matsa burodi. Kamfanin O'Tacos, wanda aka buɗe a Girenobul a 2007, ya taimaka wajen yaɗa shi, har ya iso ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Shi ya sa a nan ko guda ɗaya ne ake ce masa takos.

Ga mai girki a gida, bambancin yana da amfani. Na Meziko ya fi sauƙi da arha, ba ya bukatar dankali ko cuku. Na Faransa ya fi ƙosarwa, amma ya fi cin mai da lokaci. Burodi da naman duk iri ɗaya ne, a wajen haɗawa ne ake rabuwa.

Burodin

Tortiyar leda ba a ko'ina ake samunta ba, inda ake samu kuma tana da tsada. Yin ta bai kai wahalar fanke ba, don ba ta bukatar yis ko jiran tashi. Ga abin da ake nema don ƙanana 12 ko manya 6:

Fulawa rabin kilo
Gishiri ƙaramin cokali 1
Man gyaɗa babban cokali 5
Ruwan ɗumi kaɗan fiye da kwatan lita

A haɗa fulawa da gishiri da mai a roba, a murza da hannu, sannan a riƙa zuba ruwan kaɗan-kaɗan ana kwaɓawa har ƙullun ya yi santsi ya daina kama hannu. A rufe shi ya huta minti 20. Wannan hutun shi ne sirrin laushi: idan aka tsallake shi, ƙullun zai riƙa tsukewa duk lokacin da aka murza shi. Bayan nan a yanka shi dunƙule-dunƙule, a barbaɗa fulawa a tire, a murza kowane ɗaya da muciya ko kwalba mai tsabta har ya yi siriri ƙwarai.

A ɗora kasko a wuta ba tare da mai ba. Idan ya yi zafi sosai a shimfiɗa tortiyar, da zarar ta fara kumbura ta yi ɗigo-ɗigon ja a juya ta. Kowane gefe bai wuce minti ɗaya ba. Wadda ta daɗe a wuta ta kan bushe ta karye wajen naɗi. Duk wadda aka kwashe a saka ta cikin kwano a rufe da tsumma mai tsabta, tururinta ne zai riƙe laushin. Mai son ɗanɗanon masara ko gero na iya maye kashi ɗaya cikin huɗu na fulawar da lallausan garinsu. Idan ya wuce haka ba za ta naɗu ba.

Kazar

A nan ne girke-girken waje ke ruɗar mutane. Su da ƙirjin kazar turawa suke aiki, mai nuna cikin ƴan mintoci. Abin da ya fi yawa a Kasuwar Dole da kasuwannin ƙauye kuwa kazar gida ce, mai daɗi amma mai tauri. Idan aka yanka ta ƙanana aka soya kai tsaye, ba za ta tauno ba.

Maganin shi ne a tafasa ta tukuna da albasa, tafarnuwa, citta da gishiri, na tsawon minti 45 zuwa awa ɗaya gwargwadon tsufanta, har naman ya fara sakin ƙashi. A bar ta ta sha iska kaɗan, a zare naman da hannu sili-sili kamar za a yi dambun nama. Haka mutanen Puwebla a Meziko ke yi wa kazar takos ɗinsu da suke kira tinga. Kada a zubar da romon, ana bukatar ludayi ɗaya a miya, sauran kuma ya yi dafa-dukan shinkafa.

Ga miyar: a yanka manyan albasa biyu siri-siri, a soya a man gyaɗa cokali uku har su yi laushi. Jar albasa irin ta Galmi ta dace da wannan aiki. A zuba niƙaƙƙen tumatir huɗu, tafarnuwa, babban cokali ɗaya na garin jan tattasai irin na Diffa, da attarugu gwargwadon yadda gidan ke cin yaji. Idan ruwan tumatir ya tsotse, a zuba naman da ludayin romo, a juya, a bar shi a wuta minti 10. Ana so ya yi damshi amma ba ruwa-ruwa ba, in ba haka ba burodin zai jiƙe ya yage. A matsa lemun tsami a ƙarshe.

Wanda ya sami kazar turawa ba sai ya tafasa ba. Ya yanka tsokar siri-siri, ya shafa mata gishiri, tafarnuwa, tattasai da lemun tsami, ya soya a kasko mai zafi minti 7 zuwa 8, sannan ya zuba a miyar. Hanya mafi sauri ita ce gasasshiyar kaza daga wajen mai nama: a zare ta, a zuba a miya ta sake yin zafi sosai. Wasu kan barbaɗa yajin ƙuli a kai, ya ba da ɗanɗanon tsire.

Haɗawa

Irin na Meziko, a ɗauki ƙaramar tortiya mai ɗumi, a zuba nama cokali biyu a tsakiya, a ɗora yankakken kabeji ko salati, tumatir da albasa, a ninka biyu a ci da hannu. Kindirmo mai kauri da aka dama da ɗan gishiri, dakakkiyar tafarnuwa da lemun tsami yana maye gurbin mayonez. An fi jin daɗinsa idan aka jera komai a tire, kowa ya haɗa nasa.

Irin na Faransa yana bukatar ƙarin abu biyu. Na farko soyayyen dankalin turawa. Na biyu miyar cuku: a narka man shanu cokali biyu, a zuba fulawa cokali biyu a juya minti ɗaya, a riƙa zuba damammiyar madara kwatan lita ana juyawa har ta yi kauri, sannan a saka cukun kanti mai laushi guda huɗu, irin La Vache qui rit. Cukun gargajiya na Buzaye da Fulani busasshe ne, ba ya narkewa haka. Idan shi aka samu, sai a daka shi a barbaɗa a kan naman.

A shimfiɗa babbar tortiya, a zuba miyar cuku a tsakiya, sai nama, sai ɗan dankali, a bar faɗin yatsu uku a kowane gefe. A ninko gefen dama da na hagu, sannan na ƙasa da na sama, ya zama kamar ambulan. A kwantar da shi a kasko mai zafi, bakin naɗin yana ƙasa, a danne da murfin tukunya mai nauyi minti biyu, a juya a sake dannewa. Cikawa fiye da kima ita ce ke fasa shi.

Inda haɗarin yake

Abin da ya fi girkin muhimmanci shi ne tsabta, domin takos na haɗa kaza da ɗanyen ganye da kayan madara wuri ɗaya. Ɗanyen naman kaza kan ɗauko ƙwayoyin cuta irin su salmonela, masu haddasa gudawa, amai da zazzaɓi, kuma ƙananan yara, tsofaffi da masu juna biyu su suka fi jigata. Wuta na kashe su a jikin naman, amma ganyen ba ya shiga wuta. Saboda haka wuƙa da tiren da aka gyara kaza da su ba a yanka salati da su sai an wanke da sabulu, hannu ma haka. Ya fi kyau a fara da ganyen, a rufe shi a ajiye, kafin a taɓa kazar. Idan ba a amince da ruwan wankin ba, a soya kabejin sama-sama maimakon a ci shi ɗanye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ƙa'ida a kan wannan: zafin cikin nama ya kai maki 70 a ma'aunin Salsiyos, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a fili. A gida ana gane nunar idan aka tsaga tsoka kusa da ƙashi ba a ga ja ba, ruwan da ya fito kuma fari ne. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura maki 40 a Damagaram, awa biyun ma ta yi yawa ga miyar cuku da mayonez. Gidan da ba firigo, ko inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, gara a yi daidai cin dare ɗaya. Ragowar nama, idan an ajiye a sanyi, sai an sake dafa shi ya yi zafi har ciki kafin a ci.

Wajen saye ma akwai lura. Lokacin hunturu cuta kan shiga kajin ƙauye, wasu masu kiwo kan yi hanzarin sayar da waɗanda suka kamu da araha. Kaza mai gyangyaɗi, mai saukar da fukafukai ko zawo, a bar ta komai sauƙin kuɗinta. Jihar Damagaram ta san illar wannan: a Magarya ne aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a Nijar a watan Fabrairun 2006. Idan kaji suna mutuwa da yawa a unguwa, ma'aikatan kiwo ake sanarwa, ba a yanka a ci.

Sai batun gishiri da mai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen magi, cukun kanti da mayonez duk suna da nasu gishirin, don haka idan an saka su a rage na hannu. Masu hawan jini ko ciwon suga irin na Meziko ya fi dacewa da su, mai yawan ganye ba dankali.

Tsara lokaci

Da kazar gida, aikin duka na ɗaukar kusan awa ɗaya da rabi, amma ana yin komai a jere. A ɗora kazar tukuna, tana dahuwa a kwaɓa fulawa. Ƙullun na hutawa a yanka ganye a niƙa tumatir, sannan a gasa tortiya. Kafin a gama, kazar ta nuna, saura miya ta minti 15. Idan aka ɗora bayan sallar La'asar, kafin Magariba an sauke. Da gasasshiyar kaza ta saye kuwa, minti 40 sun isa. Gidan da ke da firigo na iya tafasa kazar tun da safe, a zare a ajiye, tortiya kuma tana kwana biyu a leda cikin sanyi, sai dai a ɗumama ta a kasko kafin a naɗa.

Idan kaza ta yi tsada, dafaffen wake da aka soya da albasa a cikin miyar na iya maye rabin naman, kamar yadda ake yi a gidajen Meziko. Soyayyen ƙwai, kifin gwangwani ko ragowar naman miya su ma suna shiga cikin tortiya yadda kaza ke shiga.