Wield da riƙe: wa ya riga wani, mulki ko makami?

Ƴan'uwa ɗalibai, akwai wata kalmar Ingilishi da nake so mu tono asalinta: wield. Yau in an faɗe ta, abin da ke zuwa rai shi ne mutum riƙe da takobi ko gatari yana sarrafa shi. Ana kuma faɗinta ga mai iko. Da yawa na zaton takobin ne asali, ikon kuwa aro aka yi masa. To, ba haka ba ne.

A tsohon Ingilishi, fiye da shekara 1000 da suka wuce, kalmar wealdan ce, ma'anarta yin mulki da mallaka. Ƴar'uwarta a Jamusanci walten, wadda ta haifi Gewalt, kalma ɗaya mai nufin iko, mai kuma nufin ƙarfin tuwo. Saiwar na nan cikin sunaye irin su Walter da Oswald. Sannu a hankali ma'anar ta sauko daga karaga zuwa tafin hannu.

Mu a Hausa riƙe muke da ita. Ana riƙe takobi, ana riƙe ƙasa, ana riƙe amana. Sanda ma haka: akwai ta sarauta, akwai ta ɗan sanda. Amma dubi abin da Bahaushe ya ce wa mulkin wucin gadi: riƙon ƙwarya. Kai, wannan magana! Ƙwaryar ba taka ba ce, ajiya aka ba ka, in ka matse ta sai ta fashe.

Mu ƴan Kirkissoye ba sai an kai mu Ingila mu ga misali ba, gadar Kennedy da muke hayewa kullum ta isa. Ranar 9 ga Fabrairun 1990, zamanin Ali Saibou, ɗalibai sun taso daga jami'a za su haye cikin Yamai, masu riƙe da bindiga suka buɗe wuta, uku suka rasu. Wannan jini na cikin abin da ya jawo babban taron ƙasa na 1991, wanda ya ɗora Amadou Cheiffou a kan gwamnatin riƙon ƙwarya.

Shi ya sa ni, duk wanda aka ce min yana riƙe da ƙasa, tambayata guda ce: riƙon takobi yake mata ko riƙon ƙwarya? Gobe wasunmu za su riƙi ofis, wasu aji, wasu bindigar kanta. Tambayar na jiran mu.